Benen da Ba Shi da Matakala

Duk wanda ya bi ta titin makarantar firamaren sai ya ɗaga kai ya kalli sabon ginin, in baƙo ne har ya ce masha Allah. Bene ne mai hawa ɗaya, an shafe samansa da fenti ruwan ƙwai, tagogin gilashi suna ta ƙyalli, ta cikinsu kana hango fankoki a rataye. Sai mutum ya matso kusa ya zagaya ginin, ya sake zagayawa, sannan zai gane abin da ya ramar da Hedimasta. Babu ta inda ake hawa.

Yadda abin ya faru ba wani sihiri ba ne. Da iska ta yaye rufin tsofaffin ajujuwa biyun da makarantar ta mallaka, Hedimasta ya yi ta sintiri har aka amince da tallafin gini, amma aka raba aikin gida biyu. Ƙaramar Hukuma za ta gina ƙasa, Ma'aikatar Ilimi ta babban birni ta ɗora sama. Hukuma ta zo ta rushe tsohon ginin, ta kafa ginshiƙai, ta zuba rufin kankare, ta ce ta gama, wai ai zauren taro ne, zauren taro kuwa iska yake so ba bango ba. Ma'aikata ta turo nata ɗan kwangilar, ya kafa katakan da magina ke hawa, ya gina ajujuwa huɗu tsaf da ƙofofinsu, ya sa aka jawo bencina da igiya aka jera. Ran da lebura na ƙarshe ya sauko, suka kwance katakansu suka loda a mota. Hedimasta ya bi motar a guje yana tambayar matakala, direban ya leƙo ya ɗaga masa hannu, a zatonsa ban kwana ake yi masa.

Daga nan aka shiga ka-ce-na-ce. Ma'aikata ta ce matakala daga ƙasa take farawa, ƙasa kuwa ta Hukuma ce. Hukuma ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya nemi matakala don ya shiga ɗakin ƙasa ba, mai sama shi ke da buƙata. Abin haushin shi ne in ka saurari kowannensu sai ka ji kamar da gaskiyarsa. Hedimasta ya je ofishin Sakataren Ilimi na Hukuma har masinja ya daina miƙe masa, ya je babban birni wurin Daraktan gine-gine har mai gadi ya fara aikensa sayen katin waya. Sakatare da Darakta kuwa ba sa ga maciji da juna. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma kowanne ya san laifin ɗan'uwansa tun daga kakanni.

Da don kansa ne da tuni Hedimasta ya haƙura, shi da ofishinsa ma bai wuce tebur ɗaya a bayan ginshiƙi ba. Inna Malama ce ta tsaya masa a rai.

Ita ce malamar aji ɗaya tun kafin a haifi yawancin iyayen yaran. Ita ta koya wa Hedimasta riƙe fensir, ita ta koya wa kafinta da mai walda da mai gyaran wutar unguwar, kuma har yau in sun hango ta tafe da jakarta suna gyara tsayuwa. Duk tsawon aikinta a rumfar kwano ta yi shi, don ta ce manyan aji masu jarrabawa su suka fi buƙatar ɗaki. Da aka naɗa shi shugaba ya yi niyyar mayar da ita ciki ko tana so ko ba ta so, sai iska ta riga shi. Yanzu tana koyarwa a zauren taron Hukuma, allonta jingine da ginshiƙi, in ruwan sama ya kaɗo daga gabas su koma yamma, in ya juyo su dawo. Ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya.

Ba mai yawan ƙorafi ba ce, abu ɗaya take maimaitawa in ana hira lokacin tara. Ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa korar yaro daga aji ya koru ba. Sauran malamai in yaro ya yi rashin ji sai su nuna masa ƙofa, ya fita, a rufe, ya ji a jikinsa. Ita kuwa in ta ce fita waje sai yaro ya ja da baya taku ɗaya ya ci gaba da kallonta. Akwai ma wani ɗan banza mai majina da ya taɓa ɗaga hannu ya tambaye ta, tsakaninsa da Allah, wai Malama ina ne wajen? Duk lokacin da ta kawo nan sai ta kalli Hedimasta ta saman tabarau, malamai su sunkuyar da kai suna cizon leɓe. A gaban mutane Hedimasta take kiransa, in su biyu ne Mai Majina.

Ran da aka fara ginin ya yi suɓul da baka ya yi mata alkawari. Ya ce in Allah ya yarda ba za ta ajiye alli ba sai ta koyar a ɗaki mai ƙofa. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da feƙe fensir. Tun daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, kuma shirun nata ya fi komai damunsa. Shi dai yakan ari dogon tsanin mai gyaran wuta ya hau ya share ajujuwan, ya buɗe tagogi su sha iska. Amma matar da gwiwoyinta ke ƙara in za ta zauna a kujera, wa zai nuna mata tsani?

Ana cikin haka Ma'aikata ta aiko cewa za a zo buɗe gini, don shekara ta kusa ƙarewa kuma ana son hoto. Hedimasta ya karanta saƙon ya ji wani daɗi marar kyau ya ratsa shi. Bai tuna musu komai ba. Ya dai je da kansa ya gayyaci Sakatare, ya ce taro ba zai yi armashi ba in babu mai ƙasa.

Ranar taro aka jera kujerun haya tsakanin ginshiƙai, yara suka yi waƙar maraba har sau biyu don motar Darakta ta makara. Darakta ya fito cikin kwat mai kyau, mutum ne mai jiki, takalminsa kana ganin fuskarka a ciki. Ya yi jawabi a kan yadda Ma'aikata ta ɗaga darajar ilimi sama, Sakatare na zaune a gefe yana kaɗa ƙafa yana kallon rufin kankarensa. Da aka zo yanke ƙyalle Darakta ya karɓi almakashi ya waiga yana neman hanya. Ƙyallen yana can sama a ƙofar aji na farko, inda Hedimasta ya ɗaure shi da sassafe, don a nan aikin Ma'aikata ya fara.

"Ranka ya daɗe, ta nan ne," in ji Hedimasta, ya nuna tsani.

Darakta ya kalli tsanin, ya kalli mai hoto, ya kalli Sakatare wanda murmushi ya fara ɓullo masa a gefen baki. Murmushin nan ne ya hau da shi. Ya cusa almakashi a aljihu, ya yi bisimilla, ya kama. Tsanin na lanƙwasa yana kuka, Inna Malama ta ce wa 'yan ajinta su rufe ido saboda wandon baƙo ya fara nuna alamar gajiya. Da ƙyar ya tsallaka ƙarfen baranda, mai hoto ya bi shi, aka yanke ƙyalle, aka tafa.

Tafin bai gama mutuwa ba Sakatare ya miƙe ya zagaya tsanin yana dubawa kamar mai sayen akuya. Ya tambayi Hedimasta ƙafafun wannan abu a kan ƙasar wa suke tsaye. Hedimasta ya ce ta Hukuma. Ya tambaya ko Ma'aikata ta nemi izini a rubuce kafin ta kafa hanyar shiga gininta a filin Hukuma. Hedimasta ya ce shi dai bai gani ba. Sakatare ya yafito direbansa da masinja, suka ɗauke tsanin suka kwantar a gindin katanga. Hedimasta ya so ya hana, Allah ya sani ya so, amma ƙafafunsa suka ƙi ba shi haɗin kai.

Abin da shekara guda ta kai-komo ba ta yi ba, rana tsaka ta yi shi. Darakta na sama riƙe da ƙarfen baranda, gumi ya jiƙa kwat, fankokin da ya zo buɗewa ba a ja musu wuta ba, don jan wuta wata rigimar ce daban. Sakatare na ƙasa a inuwa an miƙo masa ruwan sanyi. Karo na farko ke nan da Ma'aikata da Hukuma suka yi magana baki da baki, kuma duk unguwar ta ji, har masu shago sun rufe sun zo. Darakta ya fara da barazana, ya koma karanto dokoki, daga baya ya sauko da murya ya kira Sakatare ɗan'uwa. Mai hoto, wanda fitsari ya matsa, shi ya kawo shawarar a raba biyu kowa ya gina rabi. Aka amince a gaban shaidu, aka mayar da tsani. Darakta ya sauko takalmi a hannu, bai tsaya cin abincin taro ba.

Hedimasta ya koma gida bakinsa har kunne. Matarsa ta saurare shi tana ninke kayan wanki, da ya gama ta tambaye shi ko an faɗi inda rabin da rabin za su haɗu. Ya ce ita dai ba ta iya taya mutum murna ba.

Ma'aikata ce ta fara zuwa, don Darakta bai manta ranar ba. Ɗan kwangilarta ya fasa baranda ta ƙarshen yamma, ya zubo matakala mai kyau daga sama, tana zuwa tsakiyar iska ta tsaya cak, ƙarafa a waje kamar gashin baki. Hedimasta ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga hannu, saura kaɗan ya taɓa. Ya ce alhamdu lillahi, an yi mai wuyar.

Da ɗan kwangilar Hukuma ya iso da yashi da siminti, Hedimasta ya tarbe shi ya nufi yamma da shi, sai ya ga ana sauke kaya a gabas. Ya yi zaton kuskure ne. Ɗan kwangila ya ce umarni ne daga ofis. Hedimasta ya hau babur ya tafi ofis ɗin ko hular kwano bai ɗauka ba, Sakatare ya zaunar da shi ya yi masa bayani a tsanake. In Hukuma ta je ta haɗa nata da na Ma'aikata, me za a ce? Za a ce Ma'aikata ta gina matakala, Hukuma ta yi mata cikon aiki. Ita Hukuma ba 'yar cikon kowa ba ce. Rabi aka ce, rabi za ta gina, a gefen titi inda jama'a za su ga allon sunanta. In Ma'aikata na son haɗuwa ta taso ta same ta a gabas.

"Yallaɓai, yara ne fa za su hau."

"To wa ya hana su? Su hau namu, lafiyayye ne. Inda ya ƙare su tambayi Ma'aikata."

Haka makarantar ta wayi gari da matakala biyu, ɗaya ta taso daga ƙasa ba ta kai ko'ina ba, ɗaya ta sauko daga sama ba ta iso kowa ba, tsakaninsu tsawon gini guda. Masu wucewa suka daina cewa masha Allah, suka koma tsayawa ɗaukar hoto da waya. Awakin unguwa ne kawai suka amfana, suna hawa ta Hukuma su kwanta a kan faffaɗan dandamalin da ta ƙare a kai.

Makon ƙarshe na zango ya shigo. Malamai suna ta shirin walimar sallama, Hedimasta kuwa ya kasa haɗa ido da Inna Malama. Ita ta same shi a bayan ginshiƙinsa bayan an tashi, ta ajiye masa rajistar ajinta, ta ce ya daina wahalar da kansa.

"Mai Majina, na yafe maka alkawarin nan. Ka yi iya yinka. Ni da rumfa mun saba."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya bi bayanta da kallo tana tafiya a hankali, tana dafa ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya, ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya fita ya kori awaki, ya hau matakalar Hukuma ya tsaya a dandamalin ya ɗaga kai. Daga nan barandar Ma'aikata ba ta fi tsayin mutum da hannu a miƙe ba. Ya daɗe yana kallon ƙarfen barandar. Ya san abin da ake kira lalata kayan gwamnati, ya san kuma wannan karon gwamnati biyu zai taɓa a lokaci guda, abin da zai iya sa Sakatare da Darakta su shirya a kansa.

Ya sauko ya nufi shagon kafinta. Kafintan nan ya yi suna wajen saɓa alkawari, akwai gadon amaryar da ya karɓi aikinsa har ta yaye ɗan fari bai kai ba. Ya fara lissafo uzurori tun kafin a gama yi masa bayani. Hedimasta ya ce ba komai, zai gaya wa Inna Malama cewa don ita ne kuma kafinta ya ce ba shi da lokaci. Kafinta ya ajiye zarto ya tambaya yaushe ake so. Mai walda ma da ya ji sunan bai ja magana ba, ya dai roƙi kada a ce shi ya yanke ƙarfen.

Ranar ƙarshe da safe Inna Malama ta shigo ta tarar da 'yan ajinta a layi a gindin matakalar gabas. Daga dandamali zuwa baranda ga wata matakalar katako mai faɗi, da abin dafawa hagu da dama, ƙafafunta a kan simintin Hukuma, kanta jingine da na Ma'aikata, ko fenti babu, tana ƙamshin sabon katako. Ta tsaya ta kalle ta, ta kalli kafinta da ke raɓe yana murza hula, ta ce ashe yana iya gama abu. Sannan ta juyo ga Hedimasta ta tambaye shi ko ya san Sakatare da Darakta za su cinye shi ɗanye. Ya ce ya sani, Inna. Ta miƙa masa jakarta.

Hawan ya ɗauki lokaci. Tana dafe da ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗarsa, tana taku tana hutawa, tana yi masa faɗa ya daina jan ta kamar buhu. A dandamali ta zauna a kujerar da aka ajiye mata ta mayar da numfashi. Ta katakon kuwa ta hau ta ita kaɗai, ta ce aikin ɗalibinta ne, in ta karye ta san gidansu. Yara suka biyo baya biyu-biyu riƙe da hannun juna.

A bakin ajin ta tsaya. Ba ta kalli fanka ba, ba ta kalli gilashi ba. Ƙofar ta kama, ta tura ta, ta jawo ta, ta murɗa mariƙin ta saki ta ji ƙararsa, ta shafa katakon da tafin hannu. Sannan ta shiga ta rubuta kwanan wata a allon da ba a taɓa sa wa alli ba, ta juyo ta ce a zauna. Hedimasta ya lallaɓa ya cusa kansa a bencin baya, gwiwoyinsa har ƙirji.

Sai dai yaran sun ba da kunya. Yaran da a zaure ba ka jin maganar na kusa da kai saboda su, yau sun yi tsuru-tsuru, hannuwa a kan benci, ko tari babu mai yi. Muryarta na dawo mata daga bango, abin da ba ta saba ba, har ta rage ta da kanta. Ta yi musu baƙaƙe, ta yi ƙidaya, tana yi tana bin fuskokinsu ta saman tabarau, tana neman ko mutum ɗaya mai mintsinin ɗan'uwansa. Babu. Har fitinannen ajin, wanda jiya ya sa wa wata ƙadangare a jaka, yau ya zama waliyyi. Hedimasta na ganin lokaci na tafiya, ya rasa yadda ake roƙon yaro ya yi rashin ji.

Ana haka wayarsa ta ɗauki ruri a aljihu, da ƙarfinta, don ya manta bai kashe ba. Ya zaro ta a ruɗe ya ga sunan Sakatare, labarin katako ya isa ofis ke nan. Yara duk suka waigo. Inna Malama ta ajiye alli a hankali, ta kaɗe hannuwanta, ta sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci. Ya ga leɓenta na rawa, ya kasa gane dariya take dannewa ko kuka.

"Kai, na bencin baya. Tashi."

Ya miƙe, benci ya biyo cinyarsa ya faɗi.

"Fita waje," ta ce, ta miƙa hannu ta nuna. "Ga shi can, tunda ka taɓa tambaya. Ka ja mini ƙofa."

Ya bi ta tsakanin bencina kansa a ƙasa, yara na ƙunshe dariya. Ya fita ya jawo ƙofar har mariƙin ya yi ƙara. Wayar na ta kuka a hannunsa, ya kashe ta gaba ɗaya ya mayar aljihu. Ta cikin katakon yana jin muryarta ta ci gaba da darasi, yara na amsawa, shi kuwa ba ya ganin komai sai fentin ƙofa. Idanunsa suka ciko, hancinsa ya fara zuba, ya laluba bai zo da hankici ba. Ya sa hannuwa a baya ya tsaya nan gefen ƙofar, bai motsa ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.